Taken Kawo Ruwa

Mahaifina bai taɓa faɗin sunana da bakinsa ba. Ni ce 'yar fari, shi kuma mutumin da ne, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Idan zai yi magana a kaina sai ya ce "mutanen nan", ni kaɗai fa, sai ka ce wata tawaga. Ko ina durƙushe a gabansa, in yana son in ɗauke kwano, bango yake duba ya ce, "A ce wa mutanen nan su ɗauke kwanon nan." Babu kowa a wurin sai ni da bangon, ni kuwa sai in ɗauke.

Amma kada wani ya ji tausayina ya ce na tashi ba a kirana. Baba makaɗin kalangu ne, shi yake yi wa mahautan Daura kiɗa, kamar yadda ubansa ya yi. Gidanmu yana cikin gari, ba nisa da Kusugu, kuma duk wanda ya zauna a unguwar a wancan lokaci ya san idan kalangun Baba ya tashi da hantsi, to an yi yanka mai kyau. A cikin gida ma da kalangun yake mulkinsa. Kowane ɗa yana da takensa, wato ɗan kiɗan da aka keɓe masa shi kaɗai, in ya ji shi ya san da shi ake. Na mabiyina yana cewa, "Sarkin ci, an sauke." Na autanmu yana cewa, "Auta, sauko daga katanga." Waɗannan mun san maganarsu domin Baba da kansa yake faɗa yana dariya. Cikinmu babu wanda ya koyi kiɗan, makaranta ya tura mu duka, saboda haka abin da ya fassara mana kawai muke ji.

Nawa taken bai taɓa fassara shi ba. Ƙannena ne suka sa masa magana, suka ce cewa yake yi, "Kawo ruwa, kawo ruwa, maza-maza." Ya kuwa zauna daram, domin duk lokacin da na ji shi randa nake nufa, in cika kwanon sha in kai masa, ya karɓa yana duban bango. Na taɓa tambayar Inna ko da gaske abin da yake nufi ke nan. Ta ce, "Ga mai shi can, je ki tambaye shi." Ta san sarai ba zan iya ba.

Safiyar gidanmu ba irin ta kowa ba ce. Baba yana zaune a bakin ɗakinsa yana gyara tsirkiya, igiyoyin fatar nan da ake matsewa a hammata don kalangu ya canja murya, Inna kuma tana daka. Idan ta ga dama sai ta juya dakan ya koma lugude, shi kuma ya amsa mata da makaɗi. Har faɗa suke yi da haka. In ta ji haushin cefane, taɓarya ce take faɗa, shi kuma ya ba ta haƙuri da kalangu, mu muna tsakiya muna shan koko. Yaran makaranta sun sha ce mini 'yar maroƙa, ni kuma bakina ba ya mutuwa. Nakan ce musu uban kowa sai ya jira ubana ya yi magana kafin ya san akwai nama a garin.

Lokacin da aka dawo da shari'a na riga na yi aure, ina wata unguwa ina ɗinkina, da 'ya'yana a gaba. Mun yi murna kamar kowa, Baba ma yana cikin masu murnar, don mutum ne da ba a rasa shi a sahun gaba. Sai kuma maganar kiɗa ta taso. Aka yi ta wa'azi a kai, masu biki suka koma walima, mahauta suka ce masa a ɗan dakata a ga yadda abin zai kwanta. Babu wanda ya zo ƙofar gidanmu ya ce ya daina. Shi da kansa ya je wurin wani malami, abokinsa tun na ƙuruciya, suka daɗe a zaure. Malamin ya ce masa magana ce da malamai suka saɓa a kanta. Baba ya dawo gida, ya sassauta tsirkiya, ya sa kalangun a buhu, ya rataye a ƙusa a cikin ɗakinsa. Ya koma sayen fatun awaki yana kaiwa kasuwa.

Ban taɓa ganin laifinsa ba. Mutumin da ya ajiye abin da ya gada, kuma abin da ya fi so, don tsoron kada ya saɓa wa Ubangijinsa, ai abin alfahari ne, kuma ina alfahari da shi har gobe. Sai dai babu wanda ya lura da abin da ya shiga buhun nan tare da kalangu. Ƙannena suna da sunayensu, ana kiransu da baki. Ni nawa kiran ne aka rataye. In na je gida sai in gaishe shi, ya amsa wa bango, in zauna wurin Inna har yamma babu wanda ya neme ni. Abin ya ci ni ƙwarai. Ga ni babbar mace, uwar 'ya'ya, ina komawa gidana da ƙunci a zuciya wai don ba a aike ni ɗebo ruwa ba. Haka aka yi shekaru.

Sai ga saƙo daga Damagaram. Goggo, ƙanwar Baba da take aure a can, za ta aurar da ɗanta. Inna tana fama da gwiwa, ƙannena mata kowace da goyo, aka ce ni zan raka Baba in kai gudummawar mata. Maigidana ya amince. Ni kuwa da ban taɓa wuce Katsina ba, na cika unguwa da labarin zan tafi ƙasar waje. Na ɗinka sabon hijabi ruwan toka saboda tafiyar. Mabiyina ya ce, "Yaya, ƙasar wajen da awakin Kongolam suke zuwa kiwo da safe su dawo da yamma?" Na ce ya bari sai ya kai matsayin awakin tukuna ya yi magana.

Ban taɓa yin doguwar tafiya da Baba mu biyu ba, kuma tun a tasha na gane za a sha kallo. Shi yana gaba kusa da direba, ni ina baya cikin mata. Da muka tsaya a Kongolam masu talla suka yanyame motar, sai na ji ya ce wa direban, "A tambayi mutanen nan ko za su ci ƙosai." Direba ya waiwayo ya tambayi motar gaba ɗaya, mutane kuwa suka ce za su ci. Haka Baba ya ciyar da mota guda ƙosai yana haɗe rai.

A wurin masu duba matafiya wani ma'aikaci ya nuna ni ya tambaye shi, "Baba, wannan fa?"

"Ta gidanmu ce," in ji Baba.

"Sunanta?"

Baba ya shiga gyaran hula. Na faɗi sunana da kaina, ma'aikacin ya yi murmushi ya ce, "Ta fari ce ke nan. Allah ya kiyaye hanya."

Da muka tsallaka na buɗe ido sosai ina neman ƙasar waje. Geron shi ne, awakin su ne, har ramukan hanyar 'yan uwan namu ne. Abin da ya bambanta kawai rubutun allunan bakin hanya da ban iya karantawa ba, da kayan jandarmomi, da wani dogon burodi mai kama da taɓarya. Duk da haka raina fari tas. A Matamaye na sayi burodin don in kai wa mabiyina shaida.

Mun sauka Damagaram bayan azahar. Goggo ta canja gida tun zuwan Baba na ƙarshe, abin da aka ce masa kawai shi ne ya shiga kasuwar Dole ya nemi wani mai sayar da fata, shi zai kai mu. Na ɗora kwallar kayan gudummawa a ka, Baba ya shige gaba, na bi shi a baya da ɗan tazara yadda aka saba. Ba na duban fuskarsa, shi kuma ba ya waiwayowa ya dube ni. Gefen farar rigarsa da diddigensa nake bi. Muna cikin cunkoso wani amalanken albasa ya ratsa tsakaninmu, na tsaya ya wuce, na hango farar riga a gaba, na ci gaba da bi.

Na bi rigar nan cikin 'yan tabarmi, na bi ta cikin 'yan kanwa, muka fita daga kasuwar, muka shiga lunguna. Ina ta yaba wa Baba a zuciyata, tsoho da shi amma ga sauri. Sai da muka kai ƙofar wani masallaci mai rigar ya tsaya zai cire takalmi, ya juyo. Wani dattijo ne mai jan gemu, ban taɓa ganinsa ba a duniya.

"Ɗiyata, lahiya kike biye da ni tun daga kasuwa?"

Kwallar ta kusa faɗuwa. Na ce masa ni baƙuwa ce daga Daura, na ɗauka mahaifina ne, gidan Goggo za mu.

"Wace Goggo?"

Nan na tsaya. Na faɗi sunanta, ya ce rabin matan garin sunansu ke nan. Ya tambayi sunan mijinta, ban sani ba, mu Baban Damagaram muke ce masa. Ya tambayi unguwa, ban sani ba. Waya kuwa a lokacin ba kowa ke da ita ba, mu dai ba mu da ita. Dattijon ya yi salati, ya raka ni har bakin kasuwa, ya ce in nemi 'yan fata, in ban dace ba in dawo masallacin ya kai ni wurin iyalinsa. Allah ya saka masa da alheri.

Na shiga kasuwar nan ina tambaya. Wannan ya nuna gabas, wancan ya nuna yamma. Na isa wurin masu jakunkunan fata, suka ce ba su ba ne, masu ɗanyar fata suna can wani gefe. Wuyana ya ƙage, ƙafata ta yi ƙura, rana ta fara sanyi. Kowa Hausa yake yi amma ban san fuskar kowa ba, a nan na yarda lallai ina ƙasar waje. Tsoro ya kama ni, bayansa kuma haushi ya biyo. Na ce a raina ko da Baba zai hango ni daga nesa a cikin taron nan, ba zai buɗe baki ya kira ni ba, sai dai ya tsaya yana kallo in ɓace. Wannan tunanin ne ya sa ni hawaye, ba ɓatan ba. Na sauke kwallar a gindin wata rumfar dabino na zauna a kai.

Tun ɗazu ina jin kalangu daga can wani sashe na kasuwar, irin na mahauta, ban kula ba, don hannun ba na gidanmu ba ne. Sai kiɗan ya tsaya. Aka ɗan yi shiru, aka taɓa fatar kamar ana gwada ta, aka matsa tsirkiya aka saki. Sannan ya taso.

Kawo ruwa, kawo ruwa, maza-maza.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Mai dabino ne ya ɗora mini kwallar, ina jin yana tambaya ko lafiya. Na kutsa cikin mutane ina bin sautin, in ya yi nisa in juya, in ya matso in ƙara sauri. Ba a canja kiɗan ba ko sau ɗaya, shi ɗin dai ake ta maimaitawa, kowane karo da ƙarfi fiye da na baya. Ina tafe ina cewa "Na'am, na'am" a fili kamar taɓaɓɓiya.

A rumfunan mahauta na tarar da taro. Baba yana tsakiya, ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, hula ta karkace, gumi yana bin gemunsa, kalangun wani a hammatarsa. Mahauta sun ajiye wuƙaƙe, masu sayen nama sun manta da abin da ya kawo su. Shekarun nan da ya yi bai taɓa makaɗi ba, hannunsa bai manta komai ba. Yana kiɗan yana juyawa, idonsa yana bin fuskokin mata ɗaya bayan ɗaya, shi da ban taɓa ganin ya ɗaga ido ya dubi taron mata ba. Na tsaya a bayan mutane na kasa ƙarasawa. Daɗi da alfahari suka cika ni har na ji kamar in yi guɗa, in ce wa duk Damagaram wannan ubana ne.

Wani tsoho da ke zaune a kan benci, mai kalangun da aka ara, shi ya fara lura da ni. Ya dubi kwallar, ya dubi hawayena, sai ya ɗaga murya ya kira sunana. Sunana na yanka, daidai, ba kuskure.

Na ce wa tsohon, "Baba, a ina ka san ni?"

Ya yi dariya. "Ke da kasuwa duka ta san ki? Tun ɗazu tsohonki yake hwaɗin sunanki."

"Ai bai faɗa ba. Kawo ruwa yake cewa."

"Kawo mi?"

"Kawo ruwa, kawo ruwa, maza-maza. Takena ke nan tun ina yarinya."

Tsohon ya dafe ciki, mahautan da ke kusa suka tuntsire. Baba ya riga ya gan ni, kiɗan ya tsaya, ya miƙa wa tsohon kayansa ya juya baya yana warware riga. Tsohon ya saƙala kalangun ya ce in matso in saurara da kyau. Ya kaɗa a hankali, gaɓa-gaɓa, yana bi da bakinsa. Farkon sunana ne, sai "tawa". Ya sake, sunana, sai "tawa". Ƙarshen da muke ce wa maza-maza kuwa, cewa yake yi, "zo in gan ki."

Ya ce, "Wanga ba ya da wuya, duk makaɗi ya ji shi. Wa ya ce miki ruwa?"

Na tuna duk safiyar da na ruga randa, duk kwanon da na kai aka karɓa ana duban bango. Ashe tun ina rarrafe mutumin nan yake kiran sunana a gaban kowa, har maƙwabta suna ji, yana cewa ni tasa ce.

Wani mahauci ya ba ni kujera, shi ya ba ni labarin abin da ya faru. Ya ce Baba ya iso musu a rikice, ya ce ya ɓatar da 'yarsa. Suka kira mai shelar kasuwa. Mai shela ya tambayi suna, Baba ya buɗe baki ya rufe. Ya tambayi launin hijabi, Baba bai sani ba, sabon hijabin nan nawa da na ɗinka saboda tafiyar. "Muka ce anya ɗiyarshi ce kuwa? Sai ya ce ta fari ce, muka gane. Muka ce to ya raɗa wa mai shela a kunne. Ya duƙa kamar zai raɗa, sai idonshi ya faɗa kan kalangu."

Baba ya gama gyara rigarsa da hularsa, har da abin da bai lalace ba. Sannan ya dubi teburin nama ya ce, "A ce wa mutanen nan su riƙa duba wanda suke bi." Na ce wa teburin, "Sun ji."

Mahautan suka cika mana takarda da kilishi, suka ƙi karɓar komai, suka ce kiɗan Daura ya biya. Ɗaya daga cikinsu ya kai mu wurin mai fatar, shi kuma ya kai mu gidan Goggo. A hanya Baba ya sa ni a gaba, shi yana baya. Aka yi biki lafiya, na ci shinkafa da dogon burodi har na gaji, kuma kafin mu taho labarin ya zaga dangi, kowa ya gan ni sai ya ce in kawo ruwa. Goggo ta ce tana nan ranar sunana, a ranar Baba ya yi taken, bayan an watse, ya zauna a bakin ƙofa yana kaɗawa a hankali don kada a ji. Da muka dawo Daura na tsare Inna na ce ashe ta sani. Ta ce, "To da na faɗa miki, wa zai riƙa kawo masa ruwan?"

Baba bai koma kiɗan biki ba, bai koma wa mahauta ba, ni ma ban so ya koma don ni ba. Inna ta ce ya sake zuwa zauren abokinsa malamin, ya dawo yana cewa shi dai abin da ya yi a Damagaram ba kiɗa ba ne, kira ne.

Bayan ɗan lokaci na je gida da hantsi. Na gaishe shi daga bakin ƙofa, ya amsa yadda ya saba, na wuce wurin Inna tana daka. Ina zaune na hango buhun kalangun nan a shanye a kan igiya, an wanke shi, babu komai a ciki. Inna ta ci gaba da dakanta. Can sai takena ya taso daga ɗakin Baba, a hankali, yadda iyakarsa tsakar gida. Inna ta tsayar da taɓarya.

Yanzu na san abin da yake cewa, amma randa na nufa. Na ɗauraye kwanon sha, na cika shi, na shiga na durƙusa na miƙa masa. Ya ajiye makaɗi ya karɓa da hannu biyu. Wannan karon bai dubi bango ba.